Gogen Yaya Mai Tsirkiya Huɗu

Ko da zan shekara ɗari da hamsin a duniya, haƙorana su zube in koma shan kunu da cokali, akwai abin da ba zai taɓa fita daga kaina ba: yadda na kori yayana daga gidanmu da kalma ɗaya tak. Ban zage shi ba, ban yi masa ƙarya ba. Yabonsa ma nake yi. Shekarata goma sha uku a lokacin, bakina kuwa ya fi metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, gudu, don shi metro ko ba komai yana tsayawa a tasha.

A Vaulx-en-Velin muke zaune, gefen Lyon, hawa na shida a wani dogon bene. Baba mutumin Damagaram ne. Karatu ya kawo shi Faransa, da ya gama ya samu aiki a wani ɗakin bincike inda ake gwada ruwan sha. Ban taɓa ganin mutumin da kuskure ke hana wa sukuni kamar Baba ba. In ya ga hoto ya karkace a bangon gidan mutane, sai ya tashi ya gyara kafin ya amsa gaisuwa. Takardar da lakol, wato makarantarmu, ta aiko a kan rashin jina ma, sai da ya gyara musu kuskure biyu da jan biro kafin ya juyo kaina.

Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yaya, wanda ya ba ni shekara takwas. Shi ke kai ni lakol, shi ke ɗauko ni, shi ke zuwa ba wa malamai haƙuri duk ran da na yi aika-aika, wato kusan kullum. Yana ɗan shekara tara lakol ɗinsu ta raba wa yara kayan kiɗa, shi ya faɗa kan biyolon. Baba ne ya sa hannu a takardar. A gidanmu biyolon darasi ne kamar lissafi. Ran da suka yi wasan ƙarshen shekara, Baba har karabat ya ɗaura a wuya, ya zauna a sahun gaba ya tafa.

Da Yaya ya tafi Paris karatun injiniya, sai ya haɗu da wasu abokai huɗu suka kafa ƙungiyar kiɗa. Irin kiɗansu ana ce masa rok progiresif. In ba ku san shi ba, bari in taimake ku. A waƙa ɗaya za ka iya ɗora shinkafa, ta dahu, ka ci, ka wanke tukunya, ka dawo ka tarar ba a kai rabi ba. Ba a rawa da shi, don da ka ɗaga ƙafa kiɗan ya canja hanya ya bar ka a tsaye kamar wanda bas ya wuce. Mutanen kirki suna ƙirga kiɗa huɗu-huɗu, su kuwa bakwai-bakwai suke ƙirgawa, don neman magana kawai. A yawancin ƙungiyoyin rok gita ce sarauniya, amma a tasu Yaya ne a gaba da biyolon ɗinsa da aka jona wa lantarki, sai wata doguwar Bafaranshiya mai biyolonsel, wato babbar yayar biyolon da ake zama a rungume ta kamar mara lafiya. Mai gita da mai piyano da mai ganguna suna baya suna yi musu hidima.

Duk sati biyu Yaya ke zuwa gida. Mu fita baranda, ya sa abin ji ɗaya a kunnena ɗaya a nasa, ya kunna min sabon abin da suka ɗauka. Ni dai ba fahimta nake ba, zaman nake so. Amma akwai wuri ɗaya da na riƙe, a tsakiyar wata waƙarsu mai minti goma sha tara. Ana cikin hayaniya sai komai ya ɗauke, biyolon ya shigo shi kaɗai a hankali, biyolonsel na gurnani a ƙarƙashinsa. Ran da na fara ji na ce, “Ai wannan na Baba ne.” Don Baba yana da wani ɗan sauti da yake yi a maƙogwaro, baki rufe, in yana tuƙi ko yana gyaran gemu. Da ka kalle shi sai ya yi shiru.

Yaya ya ɗora yatsa a baki. “Sata na yi. Ki rufa min asiri.” Ya ce wurin nan ne mutane ke kuka in suna wasa, don sun gaya musu sautin bankwana ne na wanda ya bar ƙasarsu.

Sai ƙaramar Salla ta zo. Gidanmu ya cika da 'yan Nijar na Lyon, ɗalibai a ƙasa kan darduma, manya a kujeru. A kujerar da ta fi kyau akwai wani tsoho Alhaji, shi ma mutumin Damagaram, wanda ya san gidan su Baba tun can. Kowace Salla sai ya tsokane ni a kan Hausata, yana ce min Bafaranshiya. A shekarar na shirya masa. Kwana uku ina neman kalmomi a salula, na rantse ba zan sa Faransanci ko ɗaya a maganata ba. Na nemi biyolon, salula ta ce min goge. Ni goge ɗaya na sani a duniya, na tebur bayan an ci abinci. Na ce to, ba laifi, ai shi ma gogawa ake yi.

Bayan mun gaisa, ya tambayi lakol, ya tambayi gajiya, sai ya ce, “To Bafaranshiya, yayanki me yake yi a Paris ne?”

Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya yadda na madafa ma za su ji. “Alhaji, yayana babban ɗan goge ne. Duk Asabar yana wasan goge, maza da mata su cika wurin har a rasa inda za a tsaya.”

Na jira tafi. Abin da na ji shi ne ƙarar cokali ɗaya da ya faɗi a faranti. Yaya yana bakin ƙofa da tiren nama a hannu. Baba ya zama kamar hoton da aka rataye. Alhaji ya shafa gemu, ya dubi Baba, ya ce a hankali, “To. Ai gado ne.”

Ni kuma gado ɗaya na sani, na kwanciya. Na ce, “A'a Alhaji, ba a kan gado yake yi ba, a tsaye yake yi.”

Wani ɗalibi ya ƙware da lemo, sai da aka fita da shi baranda ana bubbuga masa baya.

Mama ce ta ja ni madafa ta kunne. A can gida, in ji ta, in aka ce gidan goge, ba ɗakin kiɗa mai jajayen kujeru ake nufi ba. Wuri ne da mutane ke haɗawa da giya da bori da zaman banza, kuma ko ba gaskiya ba ne a kan kowa, haka sunan ya bi masu yinsa. Ba a kiran ɗan mutunci ɗan goge, balle a gaban baƙi, balle ranar Salla. Na tambaye ta maganar gadon, ta ce in yanka albasa.

Da baƙi suka watse bayan la'asar, Baba ya kira Yaya falo ya rufe ƙofa. Ƙofofin gidanmu kwali ne da fenti, don haka ban sha wahalar laɓewa ba. Da Hausa Baba ya yi magana, kuma a gidanmu in Baba ya bar Faransanci, to abin ya kai.

“Ka ajiye shi. Daga yau.”

“Baba, kai ka sa hannu a takardar. Kai ka zo ka tafa min.”

“Biyolon na sa wa hannu.”

“Ai abu ɗaya ne.”

“Na sani,” in ji Baba. “Yau aka faɗi sunansa a falona. Kafin gobe an faɗe shi a Damagaram. Ran da ka ajiye, ga ɗakinka nan. Kafin nan kada in gan ka.”

Yaya ya fito ya ɗauki jakarsa da akwatin biyolon. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira ya mare ni, don da ya mare ni da na samu sauƙi. Sai ya ja min hanci kawai. “Madam tafinta. Hausarki ta yi kyau wallahi, ko kuskure ɗaya babu.” Ya sauka, ina jin takunsa hawa bayan hawa har shida.

Wata biyar bai zo ba. A kalanda ke nan. A lissafina shekara tara ne. Muna magana a salula, amma salula ba ta jan hanci. Duk Juma'a da yamma sai in fita baranda in zuba wa tashar bas ido, alhali na san babu wanda zai sauko. Kofinsa mai tsagaggen hannu na ɓoye a bayan littattafaina don kada baƙo ya sha da shi. In kewarsa ta ishe ni sai in kunna waƙar nan mai minti goma sha tara, in sa abin ji ɗaya a kunnena, ɗayan in bar shi yana lilo. Ko a lakol na daina tsokana, har wata malama ta kira Mama tana tambaya ko ba ni da lafiya. Baba kuwa ya daina sautin maƙogwaron gaba ɗaya. Motarmu ta koma shiru kamar ɗakin jarrabawa.

Farkon sanyi Kaka ta zo daga Damagaram, mahaifiyar Baba, za a cire mata yanar ido. Tsawonta bai kai nawa ba, ni da nake 'yar sha uku, amma in ta yi gyaran murya Baba da digirinsa duka sai su miƙe tsaye. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika kallonsa ba. “Ubanki,” take cewa, ko “yaron nan.” A ɗakin Yaya aka sauke ta. Tun ranar farko take tambaya, “Ina angon nawa?” don haka take tsokanar jikan nata tun yana jariri. Aka ce karatu. Bayan sati aka ce jarrabawa. Bayan sati biyu aka ce jirgin ƙasa ne babu.

Da aka yi mata aikin ido ɗaya, ni aka ɗora wa ɗiga mata magani. Wata safiya tana kwance, ina riƙe da kwalbar, ta kama min hannu. “Ke, idona ne ba ya gani, ba kunnena ba. Ƙasar nan da jirgi ya fi jaki yawa za a ce min babu jirgi? Me aka yi wa yaron?”

Na fashe da kuka na zayyana mata komai, har da gadon. Na ɗauka za ta yi salati ta tafa hannu. Ba ta yi ko ɗaya ba.

“Goge,” ta ce. “Mai tsirkiya?”

“Huɗu ma, Kaka.”

“Huɗu? Me zai yi da sauran ukun?” Ta juya fuska bango. “Yaushe za a ba ku hutu?”

Da rana ta sanar da Baba cewa za ta je Sevran, gefen Paris, gaida wata Hajiya 'yar garinsu, kuma ni zan raka ta. Baba ya dube ta, ya dube ni, ya dubi tuwonsa. Washegari ya kawo tikiti biyu ya ajiye a tebur.

A cikin jirgin Paris, awa biyu ina tsara yadda abin zai kasance. Na riga na ga Kaka ta karɓi biyolon ta raba shi biyu a kan Yaya, na ga 'yan sanda, na gan ni ina fassara mata tambayoyin alƙali, wannan karon a hankali. Na aika wa Yaya saƙo na ce ya ɓoye abin. Ya amsa da cewa suna da gwajin kiɗa ƙarfe biyu na rana kusa da Porte de la Chapelle, in kawo ta can, shi ya gaji da ɓoyo.

Da muka fito daga metro, wani mai sayar da cajar salula a gefen titi ya ji Kaka tana faɗa da sanyi da Hausa, ya gaishe ta. Mutumin Cadi ne. Sai da suka tambayi juna gida da iyali da damina da gajiyar hanya, ni ina tsalle a wuri ɗaya kamar mai jin fitsari, don yayana yana nan a bayan wata ƙofar ƙarfe da nake hangowa.

Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, an manne bangonsa da soso mai kama da kiret ɗin ƙwai. Yaya ne ya buɗe. Na shirya jawabin neman gafara mai shafi uku, da Hausa zalla. Ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Na cusa kaina a rigarsa na jiƙa ta, shi kuma ya ja min hanci har sai da ya yi zafi. Sannan ya durƙusa a gaban Kaka.

Ta lalubi fuskarsa. “Ango, ka rame. Abin da ka bar mu dominsa ba ya tuƙa maka tuwo ne? Miƙo shi in gani.”

Na rufe ido ɗaya. Ta karɓi biyolon ta juya shi, ta ƙwanƙwasa cikinsa, ta taɓe baki. “Ba ƙwarya, ba fatar damo. Katako ne kawai.” Sai ta karɓi sandar da ake goga shi da ita. Ta bi gashin da yatsa. “Izgar doki ce wannan.” Ta kai hanci ta shinshina, ta daɗe ba ta sauke ba. “Da ƙaro. Ashe su ma Nasara ba su samo wata dabarar ba.” Ta miƙa masa. “Goga in ji.”

Aka ba ta kujera, suka fara waƙar nan mai minti goma sha tara. Minti goma na farko Kaka ba ta rufe baki ba. Ta ce mai gangunan ko ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo ne, don kiɗansa ɗingishi yake. Ta ce a ba wa doguwar yarinyar haƙuri, a kawo mata ƙarami daidai ƙarfinta. Ta tambaye ni ko waƙa ta nawa ake ciki, na ce har yanzu ta farko ce, ta ce Allah ya kyauta.

Sai komai ya ɗauke. Biyolon ya shigo shi kaɗai, a hankali, da sautin Baba.

Carbin da ke hannun Kaka ya tsaya. Ta karkata kai. Sai na ga kafaɗarta tana rawa, na ɗauka kuka take, ashe dariya ce. Dariya ta yi har ɗankwalinta ya zame, har masu kiɗan suka tsaya ɗaya bayan ɗaya suna kallon Yaya.

“Wa ya ba ka wannan?”

“A bakin Baba na ji, Kaka.”

“Ka san abin da yake cewa?”

“Ba ya cewa komai. Ba shi da baiti. Na bankwana ne, mutane har kuka suke yi.”

“Kuka.” Ta sake sheƙewa. “Goge ba ya kiɗan banza, ango, magana yake yi. Wannan cewa yake: gajera, leƙo waje, furarki ta yi tsami.”

Mai biyolonsel ta taɓa ni tana tambayar me ake ciki. Na fassara mata, sai da na yi bayanin fura tukuna. Mai ganguna ya faɗo daga kujerarsa. Shekara biyu suna sa mutanen Paris hawaye a kan fura mai tsami.

“Wace ce gajerar, Kaka?” na tambaya.

Ta dube ni da idonta ɗaya mai gani. “Kin ga wata gajera a ɗakin nan ban da ni?”

Nan ta ba mu labarin da ba a taɓa ba mu ba. Tana budurwa tana tallan fura, akwai wani saurayi mai goge da ke bi ta bayan katangarsu da hantsi yana goga mata wannan sautin don ya ba ta haushi. Mahaifinta ya bi shi da sanda ya fi sau goma. Ƙarshe dai ta leƙo. Shi ne kakanmu, wanda a hoto ɗaya kawai muka san shi, zaune a gaban keken ɗinki. Sai a lokacin na gane gadon da Alhaji yake nufi.

“Da yaron nan ya shiga lakol,” in ji ta, tana nufin Baba, “kullum sai ya dawo da riga a yage. Yara na ce masa ɗan mai goge. Ran nan ya tsaya a gaban ubansa yana kuka, ya ce shi kunyarsa yake ji. Mutumin ya rataye gogen, ya sayi keken ɗinki. Bai sake taɓa shi ba har ya rasu, yaron yana da shekara goma sha biyu.” Ta gyara ɗankwali. “Ya sa ubansa ya ajiye, abin yana cinsa har yau. Yanzu kuma yana so ɗansa ya ajiye. Ni sau ɗaya za a yi min wannan.”

Babu wanda ya nemi in fassara wannan ɗin.

“Kuma ba ka iya ba,” ta ce wa Yaya. “Kana jan ƙarshen kamar mai makoki. Tsamin a taƙaice yake, tsokana ce.” Ta rera masa da muryarta mai karkarwa. Ya bi. Ta ce a'a. Ya sake. A karo na uku, wallahi da kunnena na ji katakon nan ya buɗe baki ya ce gajera, leƙo waje. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce ya ƙara. Ya ƙara sau huɗu.

“Kaka,” na ce, “likita ya ce kada ruwa ya shiga idon.”

“Na ciki ne ke fita,” in ji ta daga cikin mayafin.

Da ta share fuska sai ta ce in fito da salulata in ɗauka. Yaya ya gyara zai yi sabon. Ta ɗaga hannu. “A'a. Na farkon za ka yi, wanda ba ka iya ba. Ka ja shi sosai.” Muka kalle ta. Ta ce, “Ubanku ni na haife shi, na san halinsa.”

Sevran ma mun je, kada a ce Kaka ta yi ƙarya. Kwana ɗaya muka yi muka koma Lyon.

Ran Lahadi bayan abincin rana, Baba yana shan shayi, Kaka ta ce min, “Kunna mana abin nan.” Da ya ji ƙarar tsirkiya ya ajiye kofi ya miƙe. Ya kai bakin ƙofa sautin ya shigo. Ya tsaya, ya ba mu baya, hannunsa a kan mariƙin ƙofar. Yaya a cikin salula yana jan ƙarshen nan kamar zai kai shi Damagaram a ƙafa. Ina kallon wuyan Baba yana motsi. Ya daure sau ɗaya. Ya daure sau biyu.

“Ba haka ba ne,” ya ce.



“Yana jan ƙarshen. Ba a jansa.” Ya juyo. Sai ya yi sautin, amma wannan karon baki buɗe, da kalmominsa duka, gajera da fura da tsami. Tunda aka haife ni ban taɓa jin Baba ya rera komai ba. Muryarsa ta karye kafin ya kai ƙarshe, amma ƙarshen a taƙaice ya yi shi.

Kaka tana kallon taga kamar akwai abin kallo a wurin ajiye motoci. “To wa zai nuna masa?” ta ce wa tagar. “Ni tsohuwa ce mai ido ɗaya.”

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya dube ni. “Ki gaya wa yayanki akwai jirgi ran Juma'a da yamma.”

“Ya zo da biyo...”

“Ya zo da gogen,” in ji Baba.

Juma'ar nan bas ɗin da na yi wata biyar ina gadi ya sauke wanda nake jira. Washegari da hantsi suka zauna a falo, Baba yana gyara wa Yaya ƙarshen sautin da Yaya ya riga ya iya. Awa guda yana kuskure da gangan, Baba yana cewa a'a, sake, Kaka tana gefe tana jan carbi tana murmushi. Ban taɓa ganin ɗalibi mai taurin kai da malami mai jin daɗi irin na ranar ba.

Yau shekara biyar ke nan. Kaka ta koma gida da idanunta biyu garau, ta rasu shekara biyu bayan nan. Ƙungiyar su Yaya ta watse, kowa ya bi aikinsa, ko da yake shi har yanzu yana gogawa in ya zo. Abin da ya rage min shi ne hoton bidiyon nan na salula. A farkonsa ana jin muryar Kaka tana cewa, “Ta fara ɗauka? Ke, riƙe shi da kyau.” Na kuskuren na ɗauka. Na daidai ɗin, wanda ta rera da bakinta a ɗakin nan mai bangon soso, ban ɗauka ba, don na zaci akwai wata rana. In kewarta ta taso, shi nake kunnawa, in ji muryarta ta daƙiƙa uku, in mayar baya, in sake ji.

Abin da wannan ya koya min shi ne, salula tana ba ka kalma amma ba ta gaya maka abin da mutanenka suka ɗora mata ba, wanda ya yi kuka a kanta da wanda ya yi aure ta dalilinta. Wannan sai a bakin tsofaffi, kuma ba sa jiran ka shirya. Yanzu kafin in faɗi sabuwar kalma a gaban baƙi sai na tambayi Baba. Shi kuma in ya amsa, ba na barinsa ya tsaya a fassara. Sai in ce, “To wa ka fara ji ya faɗe ta?” In kunna salula, in riƙe ta da kyau.